Salfonilyuriya: Tarihin Ƙwayar Ciwon Suga

Salfonilyuriya dangin magunguna ne da aka gina a kan yuriya, sinadarin nan da ke fita cikin fitsari, wanda manoma suka sani a buhun taki. Bajamushe Friedrich Wöhler ne ya fara haɗa yuriya a ɗakin gwaji a 1828.

A wajen neman maganin taifot aka yi tuntuɓe da amfaninsu. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, likita Marcel Janbon yana gwada wani sabon maganin salfa a Montpellier ta Faransa, sai majinyata suka riƙa suma da jijjiga, wasu har suka rasu. Auguste Loubatières ya bi diddigi da gwaji a kan karnuka, ya tabbatar sukarin jini ne ke faɗuwa, kuma idan aka cire wa kare fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, maganin ba ya taɓuka komai. Ashe matsa wa gaɓar yake yi ta saki insulin. Shi ya sa dangin ba sa amfanar mai ciwon suga nau'i na 1, wanda jikinsa ya daina yin insulin.

A Jamus aka fito da carbutamide a 1955, tolbutamide a 1956, sai glibenclamide a 1969. Wannan na ƙarshen, da sunan Daonil, ya shiga bakin mutanen Kano, tun daga asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano har kemis-kemis, don yana da araha, kuma haɗiya ta fi allura sauƙi.

Amma halin da aka gani a Montpellier bai bar dangin ba. Glibenclamide yana daɗewa a jiki yana aiki, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma nan haɗarin yake ga dattijo da mai ciwon ƙoda da mai azumi. Gumi, karkarwa da jiri kafin la'asar ba gajiyar azumi kaɗai ba ce, suna iya zama alamar faɗuwar sukari. Likitoci sun fi son gliclazide ko glimepiride a watan Ramadan, tare da mayar da babban kason maganin lokacin buɗa-baki, kuma sukari in ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwaji, shawararsu a karya azumi nan take.

Mai shan wannan ƙwaya, don Allah ka ga likitanka tun watan Sha'aban.