Matan Soja: Yadda Ƙofar Ta Buɗe, da Waɗanda Har Yanzu Ba Su Shigo Ba

Mu da muka sa kaki a ɓangaren jinya na sojan ƙasa mun san cewa mata sun daɗe suna ɗauke da bariki kafin sunansu ya hau takardar albashi. Kowane bariki yana da magajiya, shugabar matan sojoji, mai raba gardama, mai tsayawa kan haihuwa da rasuwa, mai kai kukan mata gaban kwamanda. A barikin Bukavu da ke ƙaramar hukumar Fagge, mazaunin Birged ta 3, wanda ya ci sunan garin nan na gabashin Kwango inda sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a farkon shekarun 1960, na ga magajiyar da in ta yi magana samanja ma sai ya nutsu. Amma ba ta da igiya, ba ta da anini, ba ta da fansho.

Ta asibiti aka fara shigowa. A 1961 aka ba Josephine Tolefe, ma'aikaciyar jinya, muƙamin hafsa, ita ce mace ta farko da ta samu, daga baya ta zama kyaftin. Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta shiga a 1972, ta hau har ta zama manjo janar a 1994, ta kuma shugabanci sashen lafiya na sojan ƙasa baki ɗaya. Mu ƙanana a lokacin, hotonta kawai muke gani mu ji ƙarfin gwiwa. A sojan ruwa kuwa, Itunu Hotonu, mai zanen gine-gine, ta kai matsayin riya admiral a 2012.

Sai dai a lura da abin da ya haɗa su ukun: jinya, likitanci, zanen gini. Kowacce da sana'arta ta shigo. Wanda ba ya cikin gidan ba zai gane nauyin wannan ba. Hafsoshi iri-iri ne. Akwai wanda ya gama jami'a da sana'a a hannu, aka ba shi horo na 'yan watanni, aka maƙala masa anini. Akwai kuma wanda ya shiga makarantar NDA ta Kaduna yana yaro, ya yi shekaru ana gasa shi, ya fito cikakken hafsan yaƙi. Daga cikin na biyun ne ake fitar da masu jan bataliya da birged, daga cikinsu ake naɗa hafsan hafsoshi. Wannan hanya ta kasance a rufe ga mata shekara da shekaru. Ke dai ki yi ƙwazo iya ƙwazo, iyakarki asibiti, ofishin kuɗi, makaranta ko ɗakin ajiya.

A 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka ɗauki 'yan mata 20 a NDA a matsayin ɗaliban hafsan yaƙi. A ganina wannan ya fi kowane ƙarin girma da aka taɓa yi wa mace muhimmanci, domin doka aka sauya, ba mutum ɗaya aka ɗaga ba. Ba kowa ya ji daɗi ba. A 2017 labari ya bazu cewa za a daina ɗaukarsu, aka yi ta ce-ce-ku-ce, hedikwatar tsaro ta fito ta musanta. Shekara ta zagayo, a 2018, Laftanar Janar Tukur Buratai ya kafa rundunar mata ta sojan ƙasa.

Sojan sama ya fi saurin nuna sakamako. Blessing Liman, 'yar kudancin Kaduna, ita ce matuƙiyar jirgin soja ta farko. A Oktoban 2019 aka maƙala wa Kafayat Sanni fukafuki a matsayin matuƙiyar jirgin yaƙi, rana ɗaya da Tolulope Arotile ta jirgi mai saukar ungulu. Arotile ta yi aiki a kan 'yan bindigar daji kafin ta rasu a haɗarin mota a Kaduna a watan Yulin 2020, tana da shekara 24.

Amma mu a Kano ba sai an kawo mana hujja daga nesa ba. A ƙarshen Yulin 2014, cikin 'yan kwanaki, 'yan mata masu ƙunar baƙin wake suka tayar da bama-bamai a wurare daban-daban na birnin nan. A Disambar wannan shekara wasu biyu suka shiga Kantin Kwari, a tsakiyar Fagge. Masu turo su sun san abin da suke yi: sun san namiji ba zai taɓa jikin matar aure ko budurwa a shingen bincike ba, in kuma ya taɓa gari ya kama da wuta. Wa zai duba ƙarƙashin hijabi ba tare da an ci mutuncin mai shi ba? Wa zai shiga cikin gida inda ba a shiga? Wa zai zauna da yarinyar da aka ceto daga daji ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata? Sai mace, kuma mace mai jin harshenta. A lokacin ne manyan da ke cewa aikin soja ba na mata ba ne suka riƙa neman mu ido rufe.

Abin da na gani da idona shi ne, matan da suka cike wannan gurbi da yawansu 'ya'yan Sabon Gari ne da 'ya'yan bariki. A Kano aka haife su, Hausa a bakinsu kamar ta kowa, amma da sunan jihar iyayensu suka shiga Daffo ta Zariya, inda ake horar da kurata. 'Yar Fagge kuwa, da zarar ta ambaci fom ɗin shiga soja, sai inna ta ce, "Ke, a gidan nan? A ce 'yar Alhaji ta zama 'yar bariki?" Jiha-jiha ake ɗaukar kurata, kowacce da kasonta, kuma ba wanda zai cike mana namu.

Ba na raina damuwar iyaye. Suna tambayar sutura, suna tambayar aure, suna tambayar wa zai kare yarinya idan na gaba da ita ya matsa mata, a wurin da ba a musu da umarni. Tambayoyi ne na gaskiya, ta ƙarshen ma ta fi ci mini rai. Rundunar 'yan sanda ta fayyace batun sutura a 2022, ta yarda jami'anta mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula. Hedikwatar tsaro ta fitar da manufarta kan jinsi a 2021, amma takarda a Abuja ba ta kwantar da hankalin uwa a Fagge. Sai hafsoshi mata sun zo da kakinsu makarantun 'yan mata, sun zauna da iyaye da malamai, sun amsa da Hausa.

Iyayena na Fagge, in 'yarku ta gama sakandare ta ce soja take so, kada ku yanke hukunci da abin da kuka ji a bakin titi. Ku nemi macen da ta yi aikin, ku yi mata duk tambayar da ke ranku, sannan ku yanke.