Gano Maƙerin Tsohon Teburin Biliya a Yankin Iyaka: Nazari Daga Gaya ta Jihar Doso

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyar gano kamfanin da ya ƙera tsohon teburin biliya a yankin da mulkin mallakar Faransa da na Ingila suka yi maƙwabtaka, ta ɗauki Gaya a matsayin fagen nazari. Hujjarta ita ce, farantin suna da ke manne a jikin tebur shi ne mafi raunin shaidu, kuma gyaran da aka yi cikin gaggawa yakan shafe shaidun da suka fi shi ƙarfi.

1.0 Gaya da hanyoyinta biyu

Gaya ta Nijar, ba ta Kano ba, tana bakin Kogin Kwara, tana fuskantar Malanville ta Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a gabashinta. Masanin labarin ƙasa Olivier Walther ya yi nazarin waɗannan garuruwa uku a matsayin kasuwa guda mai rassa uku. Wannan ya shafi batunmu kai tsaye, domin cikakken teburin biliya ya haura tan ɗaya, kuma kaya mai irin wannan nauyi ba ya bin hanyar jakuna. Jirgin ƙasa daga Legas ya iso Kano a 1912. Wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, daga nan sai motoci su ɗauka zuwa bakin kogi, inda aka gina gada a 1958. Ke nan tsohon tebur a wannan yanki yana iya zama ɗan Ingila ko ɗan Faransa. Akwai kuma hanya ta uku da ke ruɗa mai bincike: kayan gwanjon Turai da ke sauka a tashar Kwatano. Tebur na iya cika shekara ɗari a duniya alhali baƙo ne a Gaya.

Har sunan wasan ya rabu biyu. A Nijeriya matasa na cewa sunuka, ko da wane irin tebur ne, yayin da lafazin Faransanci ke faɗowa a kunnen Bahaushe kamar lambar biyar.

2.0 Shaidun da ke jikin tebur

Tambayar farko ba ta buƙatar kayan aiki: akwai aljihu ko babu? Teburin Ingilishi yana da aljihu shida da ƙafafu takwas, tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa 6. Na Faransa, wanda ake karo da ƙwallaye uku a kansa, ba shi da aljihu ko ɗaya, kuma filin wasan na gasa mita 2.84 ne da 1.42. Sai dai kafinta na iya huda kusurwoyin teburin Faransa don biyan buƙatar masu sunuka, don haka a duba yankan, ko na masana'anta ne ko na zarton hannu.

Daga nan sai a shiga ƙarƙashi. John Thurston, wanda ya kafa kamfaninsa a Landan a 1799, shi ya fara shimfiɗa dutsen silet a madadin katako a 1826, ya kuma kawo gefen roba da aka dafa da farar wuta a 1845. Waɗannan shekaru iyaka ce ta ƙasa: tebur ba zai girme su ba idan da waɗannan sassa aka haife shi. Babban teburin Ingilishi yakan zo da silet biyar, kuma kaurinsu ya ƙaru da tafiyar zamani, daga kimanin inci ɗaya zuwa kusan biyu. Masu haɗawa sukan sassaƙa lambobi a bayan duwatsun da jikin katakon don kada sassa su rikice. Idan lambobin dutse da na katako suka dace, tare suka baro masana'anta. Idan suka saɓa, tebura biyu aka aurar.

Shaidar da wannan maƙala ta fi dogara da ita, wadda kuma aka fi wulaƙantawa, ita ce noti. Ingila ta bi ma'aunin murɗi na Joseph Whitworth, wanda ya gabatar a 1841 bisa inci, masana'antun Faransa kuwa suka bi milimita. Duk makanikin da ya taɓa kwance tsohuwar Land Rover da sifanar Peugeot ya san wannan bambanci a hannunsa. Notin da ke riƙe gefen roba da dutse ba ya cikin abin da mai sayarwa ke damuwa ya canja don yaudara, kuma ramin da aka yi masa a dutse ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Noti ɗaya mai tsatsa da aka jefar ya fi faranti mai ƙyalli faɗin gaskiya.

Me ya sa farantin bai isa ba? Manyan kamfanoni irin su Burroughes & Watts na Landan, da aka kafa a 1836, da E. J. Riley na Accrington, da Chevillotte na Faransa, ba ƙira kaɗai suke yi ba, har da gyara. Wanda ya sake roba ko ƙyalle yakan manna nasa suna. Farantin na iya nuna wanda ya taɓa teburin a ƙarshe. Amfaninsa na gaske yana cikin adireshin da ke rubuce a kai, tunda kamfani kan sauya mazauni, kuma kundayen kasuwancin birane sun adana shekarun sauyin. A kuma ɗaga shi a duba ko akwai tsofaffin ramukan ƙusa na wanda ya gabace shi.

Ƙwallaye ba shaidar tebur ba ne, yawo suke yi. Na hauren giwa, idan an same su, a ajiye su gefe: an haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989.

3.0 Gyara a yanayin Gaya

Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara. Katako ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, gaɓoɓi su saki, roba ta bushe ta ƙi mayar da ƙwallo, gara kuma ta shigo ta ƙafafu. Dutsen ne kaɗai ba ya jin wannan, sai dai idan katakon da ke tallafe da shi ya karkace, shi ma ya lanƙwashe sannu a hankali.

Tsarin da ake ba da shawara shi ne a ɗauki hoton kowace lamba kafin a kwance komai, a adana kowane noti da alamar ramin da ya fito, a rage guntun tsohon ƙyalle da roba. Kada samfefa ta taɓa cikin katakon, domin a nan ne rubutun fensir na ma'aikata ke ɓoye. Inda gara ta cinye, maɗaci ya dace da faci, kasancewarsa dangin katakon mahogani da aka yi tebura da yawa da shi. Amma kamar tasa ce haɗarin: bayan shekara ashirin ba mai rarrabe faci da asali. Yarjejeniyar Venice ta 1964, ko da yake a kan gine-gine aka tsara ta, ta nemi sabon sashe ya zama ana iya gane shi. A tebur, wannan ba ya wuce kafinta ya rubuta shekara da sunan gari a bayan katakon da ya sa, wajen da ɗan wasa ba ya gani amma mai kwancewa na gaba zai gani.