Labarin Taɓo da Santsi

Tun lokacin da aka fara jefa ƙuri'a a ƙasar nan, akwai wata tambaya da ke damun talaka ran zaɓe. Shin zai ba wanda zuciyarsa ta amince da shi ne, ko da ya san ba zai ci ba, ko kuwa zai ba wanda ya fi kusa da kayar da abokin gaba? Babu inda wannan tambaya ta raba kan mutane kamar Kano da Kaduna tsakanin 1979 da 1983, sa'ad da jam'iyyar PRP ta tsage biyu.

Asalin abin yana can baya. Ran 8 ga Agusta, 1950, waɗansu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ba da daɗewa ba kuwa Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Manufarta ita ce a sauƙaƙa wa talaka nauyin haraji da aikin tilas, a kuma gyara mulkin En'e. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, waɗansu sun rasa gonaki, waɗansu an raba su da matansu. A zaɓen tarayya na 1959 kujera 8 kaɗai suka samu. To, amma wahalar da aka sha tare ita ce ta ɗaure su da Malam, ɗaurin da ba a yi shi da kuɗi ba. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da ya faru daga baya ba.

Da soja suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam Aminu ya zauna tarurrukan farko da waɗanda suka kafa NPN, sa'an nan ya janye, ya kafa PRP, mai alamar mabuɗi. Jam'iyyu biyar aka yi wa rajista. Kowa ya san PRP ƙarama ce, ba ta da kuɗin NPN, ba ta da tsarin UPN ta Cif Awolowo. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta, 1979, Alhaji Shehu Shagari ya sami ƙuri'a wajen miliyan 5.7, Awolowo miliyan 4.9, Dokta Azikiwe miliyan 2.8, Malam Aminu da Alhaji Waziri Ibrahim kowannensu wajen miliyan 1.7. Wannan ne kuma karon farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, abin da NEPU ta daɗe tana nema ana yi mata dariya.

Mai karatu ya duba lissafin nan da kyau. Da an haɗa ƙuri'un Awolowo da na Azikiwe kawai, da sun wuce na Shagari nesa. Sa'an nan ga abin da Kanawa suka yi. Dokar zaɓe ta ce ba a cin shugabanci sai mutum ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohi kuwa 19 ne a lokacin. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12. Ta goma sha uku ita ce Kano, inda ya tsaya ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, domin wajen kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe sun bi Malam. Sai da aka kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta karɓi hujjar cewa biyu bisa ukun 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba. Watau ƙuri'ar da ake cewa asara ce, ita ce ta kusa hana babbar jam'iyya hawa kujera.

PRP ta ci gwamna biyu. A Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau da rinjaye babba a majalisa. A Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya kayar da Alhaji Lawal Kaita, amma cikin kujeru 99 na majalisar jiha NPN ke da 64. Da hawansu suka soke haraji da jangali, alkawarin da aka yi shekara kusan talatin ana ɗauke da shi. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, ya kafa jaridar Triumph, ya kuma mai da ran 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata.

Nan rigima ta taso, ba kuwa a kan haraji ko makaranta ba. Gwamnonin UPN biyar da na GNPP biyu da na PRP biyu suka fara taruwa lokaci lokaci, suna kiran kansu gwamnoni masu son ci gaba. Shugabannin PRP, watau Malam Aminu da sakataren jam'iyya Sam Ikoku, suka hana gwamnoninsu zuwa. Gwamnonin suka ƙi ji. A 1980 aka kore su daga jam'iyya, su kuma suka ce su ne jam'iyya, suka ɗauki Cif Michael Imoudu, tsohon shugaban ƙwadago wanda ya yi suna tun yajin aiki na 1945, ya zama shugabansu. Mutanen gari suka raɗa wa ɓangarorin suna. Waɗanda suka manne wa Malam aka ce da su Taɓo, waɗanda suka zame suka bi gwamnoni aka ce da su Santsi.

Kowane ɓangare yana da hujja, ba kuwa hujjar banza ba. 'Yan Santsi suka ce ƙaramar jam'iyya mai jihohi biyu ba za ta iya tsayawa ita kaɗai gaban gwamnatin tarayya ba. In ana son a kayar da NPN a 1983, wajibi ne duk masu adawa su zama tsintsiya ɗaya. Suka zargi shugabannin jam'iyya da sassauci ga NPN, suka ce an bar aƙida ana bin mutum. 'Yan Taɓo suka ce taron gwamnonin nan shimfiɗa ce ake yi wa Awolowo don ya hau mulki, in an shiga kuwa PRP za ta narke cikin babbar jam'iyya kamar gishiri cikin ruwa. Tsofaffin 'yan NEPU ba su manta ba, sun yi ƙawance da NCNC, amma da aka gama zaɓen 1959 sai NCNC ta kafa gwamnati tare da NPC, jam'iyyar da ta ɗaure su. Bayan wannan kuma akwai maganar da ba a cika faɗa a dandali ba. Samarin da suka yi boko, suka riƙe ofisoshi da motocin gwamnati, sun fara ganin ba sai sun nemi izinin tsohon da ke zaune a Gwammaja ba. Dattawan da suka sha bulala kuwa suna ganin waɗanda ba su noma ba su ke cin amfanin gona.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Majalisar Kaduna ta ƙi amincewa da kwamishinonin da Balarabe Musa ya gabatar, ya yi mulki babu majalisar zartarwa, ran 23 ga Yuni, 1981, aka tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Adadin 'yan NPN a majalisa shi ya kayar da shi, gaskiya ne, amma ya faɗi a lokacin da jam'iyyarsa ta riga ta ce ba nata ba ne. Ba a yi kwana ashirin ba wuta ta tashi a Kano. Gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, ran 10 ga Yuli aka yi tarzoma, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Haɗin kan da 'yan Santsi suka bar gida dominsa bai haifi ɗa mai ido ba. An kafa ƙawancen PPA a 1982, amma Awolowo da Azikiwe babu wanda ya yarda ya janye wa ɗan'uwansa, duka biyu suka tsaya takara. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce ɓangaren Malam shi ne PRP, shi ke da mabuɗi. Rimi ya rasa tutar da zai tsaya a ƙarƙashinta, ya koma NPP ta Azikiwe, ya sauka daga kujerar gwamna a 1983, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya hau.

Ana cikin shirin zaɓe, ran 17 ga Afrilu, 1983, Allah ya yi wa Malam Aminu rasuwa. Masu lissafi da yawa suka ɗauka Taɓo ta ƙare. Rimi yana da kwarjini, yana da baki, ga ayyukan da ya yi kowa na gani. Wanda PRP ta tsayar, Sanata Sabo Bakin Zuwo, tsohon ɗan NEPU ne wanda bai yi zurfi a boko ba, har 'yan jarida na yi masa ba'a. Amma ran zaɓe, cikin Agusta, Kanawa suka nemi mabuɗi a takarda suka dangwala, Bakin Zuwo ya ci. Ga yawancinsu ƙuri'ar nan ta'aziyya ce ga Malam. Ba ayyukan Rimi suka ƙi ba, barin gidan da ya yi suka kasa yafewa, musamman da mai gidan bai cika wata huɗu a kabari ba.

A wajen Kano kuwa labarin dabam ne. Kaduna ta koma hannun NPN, Lawal Kaita ya hau kujerar da ya rasa a 1979. Alhaji Hassan Yusuf, wanda ya gaji takarar Malam, bai kai ƙuri'un da Malam ya samu ba, Shagari ya sake ci, a zaɓen da aka yi ta ƙorafin maguɗi a kansa. Bakin Zuwo ya yi wata uku yana gwamna. Ran 31 ga Disamba, 1983, soja suka karɓi mulki, suka rushe jam'iyyu duka, suka tsare shi, suka tsare Rimi.