Waiwaye Adon Tafiya: Inda Makarantun Gwamnati Suka Fara Rubewa a Jos

Duk majalisar da aka zauna a Taminus, in hira ta biyo ta kan makarantun gwamnati, maganar ba ta wuce guda: sun lalace, kuma gwamnati ce ta lalata su. Maganar da gaskiya a cikinta, sai dai ta yi gajarta. Mu 'yan kasuwa mun san shago ba ya karyewa rana ɗaya. Bashi ne ke hawa kan bashi, ana cin uwar kuɗi ana zaton riba ce, sai ran da aka zo lissafi a tarar da kanta ba kaya. Haka makarantun nan suka yi. Don haka bari mu buɗe littafin tun daga shafin farko, mu ga wa ya ci me, kuma a wace shekara.

Garin da aka kafa don kuza

Abu na farko da ya kamata mu tuna shi ne dalilin kafa garin nan. Turawa sun tsara Jos wajen 1915 saboda kuza. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Filato a 1914, babban layi daga Fatakwal ta Kafanchan ya iso a 1927, kuma daga tashar da jirgi ke tuƙewa ne unguwar nan ta samo sunanta. Kakanninmu sun zo daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Borno, wasu lebura a ramin kuza, wasu fatake, wasu mahauta, wasu maɗinka, wasu malaman allo. Kamfanonin kuza ƙarfin damtse suke nema. Wanda zai riƙe musu alƙalami kuwa sun riga sun taho da shi daga Kudu da Kwasgwal, inda mishan ta daɗe da kafa makarantu.

A ƙasashen sarakunan Musulunci, Turawan mulki sun taƙaita shigar mishan, suka buɗe 'yan makarantunsu na gwamnati: ta Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. A Filato kuwa ƙofa a buɗe take. Mishan ta SUM ta sauka Wase a 1904, ta kafa cibiyarta ta Gindiri a 1934, su Katolika da SIM su ma suka buɗe nasu. Maƙwabtanmu Birom da Angas da Mwaghavul da sauransu suka shiga, suka fito malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti.

To, mu fa? Mun faɗa tsakiya. Makarantar da ta fi kusa da mu ta coci ce, iyaye kuma na tsoron ɗa ya shiga da sunan Musa ya fito da wani suna. Makarantun En'e kaɗan ne. Ga shi kuwa kasuwa na ci, kuza na kawo kuɗi, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya tsaron rumfa ya kawo na cefane. Sai mafi yawan gidaje suka tsaya kan allo da ciniki. Tsoron nasu yana da dalili, amma sakamakonsa shi ne da aka samu 'yancin kai a 1960, aka zo rabon kujerun ofis, waɗanda suka riga mu zama a benci su suka riga mu zama a kujera. Irin wannan giɓi ne ya sa su Malam Aminu Kano suka dage kan makarantun Islamiyya a shekarun 1950, inda yaro zai zauna a aji, ya koyi Alƙur'ani da fiƙihu, ya koyi lissafi da rubutun boko, ba tare da uban ya kwana da fargaba ba.

Shekarar da aka buɗe ƙofa gaba ɗaya

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. A shekarar ce kuma aka raba Binuwai da Filato, muka samu jiharmu. Sa'o'inmu da yawa ta wannan ƙofa suka fara ganin aji, har da 'ya'yan talakawan da a da ba su ko mafarki. Wannan alheri ne, kuma ba za mu ƙi faɗa ba.

Amma an yi ginin kafin a auna fili. An yi kirdadon yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai aka ga kusan miliyan 3. Ajujuwa ba su isa ba, malamai ba su isa ba. Sai aka buɗe kwalejojin horon malamai na gaggawa, aka ɗebi waɗanda ko sakandare ba su gama da kyau ba, aka ba su horo na ɗan lokaci aka miƙa musu alli. Aka ba 'yan kwangila ginin ajujuwa a gurguje, da yawa kwanonsu bai ga damina biyar ba. Duka abin kuma an jingina shi da kuɗin man fetur, kamar mai shagon da ya ɗauki yara goma aiki saboda cinikin sallah.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Albashin malamai ya fara makalewa wata da watanni. A wannan shekarar ce aka soma tsarin 6-3-3-4, wanda aka ce zai koya wa yara sana'a a ƙaramar sakandare. An sayo injinan kafinta da na walda daga ƙasashen waje, a makarantu da yawa suka ruɓe cikin akwatunansu, saboda ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya iya su. Sojoji suka dawo, aka maido da kuɗin makaranta da haraji iri-iri. A 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, abin da ya ƙarasa kashe sana'ar da ta kafa garin. A 1986 aka shigo da SAP, Naira ta zube. Malamin da a da ake ba shi 'ya da alfahari ya koma wanda mai gidan haya ke gudu. Masu ƙwazo suka bar aji suka shiga kasuwa, wasunsu ma maƙwabtanmu ne a layi.

Ɗan da ba a san ubansa ba

Daga nan sai firamare ta zama kamar marayan da dangi ke turawa gida-gida. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar firamare ta ƙasa don ta riƙa biyan malamai. A 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi, albashi ya sake tsayawa, yajin aiki ya yawaita. A 1993 aka maido da ita. Tsarin mulkin 1999 ya zo da asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, inda kuɗin ƙaramar hukuma ke bi ta hannun gwamna. Tun daga nan, in rufin aji ya yaye, ciyaman ya ce kuɗi na jiha, jiha ta ce firamare ta ƙaramar hukuma ce, Abuja ta ce ta riga ta turo nata. Sai a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma yanke hukunci daban, aiwatar da shi daban.

An sake ɗaura ɗamara da UBE, wanda Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta ɗauka. Nan ma aka samu cikas: jihohi da yawa sukan ƙi ajiye nasu, biliyoyin Naira su yi shekaru a Abuja suna jira, yara na zaune a ƙasa. Inda aka ɗauko kuwa, an fi son gini da fenti, domin gini ake ɗaukar hotonsa, kuma a gini ake samun kwangila. Horar da malami ba ya fitowa a hoto.

Batun malamai shi ne ƙashin bayan matsalar. An rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaida, amma kwalejin ilimi ta zama matattarar wanda JAMB ta ƙi. Ɗaukar aiki ya koma hannun 'yan siyasa, kansila ya kawo nasa, ɗan majalisa ya kawo nasa. Sufeton da a da yake faɗo wa makaranta ba sanarwa ya rasa ko man babur. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malamanta na firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 cikin wajen 33,000 suka kasa. Kaduna ce ta auna, amma ba wanda zai rantse cewa cutar a can kaɗai take. A nan Filato kuwa ba mu manta 2012 ba, lokacin da ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare suka shafe watanni suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na Naira 18,000. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi suna karatu, 'ya'yan talakawa suna gida.

Abin da ya keɓanta da Jos

Duk abin da muka lissafa ya shafi Kano da Sakkwato ma. Amma mu muna da ƙarin kaya biyu a kai.

Na farko rikici. An ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991, aka yi tarzomar Afrilun 1994, sannan 7 ga Satumba 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010. An yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, Allah Ya kiyaye gaba. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne garin ya rabu gida biyu, makarantu ma suka rabu. Yaron Gangare ko Unguwar Rogo da a da yake tsallakawa wata unguwa karatu ya daina, na can ma ya daina zuwa nan. Malami ya ga an tura shi inda yake tsoro, sai ya nemi canji ko ya riƙa leƙowa jefi-jefi. Jama'a suka dunƙule a 'yan unguwanni, ajin da aka gina don yara arba'in ya cika ya batse. Sa'o'inmu sun zauna benci ɗaya da Dung da Chinedu da Bulus, har yau in an haɗu ana gaisawa da sunan yarinta. 'Ya'yanmu da yawa sun gama sakandare ba su da aboki ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren, kuma wanda ba ka sani ba shi ake saurin zuga ka a kansa. Ga kuma gobarar babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002, wadda ta cinye jarin dubban iyaye a dare ɗaya. Uban da ya koma kasa kaya a bakin titi, abu na farko da yake yankewa shi ne kuɗin makaranta, na biyu ya ɗora wa yarinya tire.

Na biyu takardar shaidar ɗan asali. Yaron da aka haifi kakansa a Jos yakan rasa ta a nan, ya je garin da aka ce asalinsa ne a ce ba a san shi ba. Ba takarda, ba tallafin karatu, ba gurbin aikin gwamnati, har da aikin koyarwa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto kan wannan a 2006, kuma matsalar ta ƙasa ce baki ɗaya: ɗan Filato da aka haifa a Kano shi ma yana cin karo da irinta. Illarta ga makaranta a fili take. Yaro ya ga yayansa ya gama ya dawo yana tuƙa Keke Napep, da wane baki za ka ce masa ya dage?

Namu kason

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da makarantun gwamnati suka fara tangal-tangal, masu hali a cikinmu suka kwashe 'ya'yansu. Ƙungiyoyin addini suka buɗe nasu, musamman bayan kafa Izala a garin nan a 1978, su ma 'yan ɗariƙa da Jama'atu Nasril Islam ba a bar su a baya ba. Sun yi aiki babba, sun fitar da likitoci da alƙalai da mata masu ilimi. Amma da masu murya suka fice, makarantar gwamnati ta zama ta wanda ba shi da mai tsaya masa: maraya, da ɗan mai ga-ruwa, da 'yar bazawara. Ana kiran taron iyaye da malamai, mutum goma ba sa zuwa. Wasu filayen makarantu an yanka su an yi shaguna muna kallo. Lokacin WAEC da NECO iyaye da kansu ke haɗa kuɗin satar amsa, sannan mu dawo muna mamakin mai takardar sakandare da ba ya iya rubuta rasit. A wasu lungunan kuma an mai da ɗaki biyu da zaure makarantar kuɗi, malamin ciki bai fi ɗalibin da komai ba.

To, me tarihin nan ya nuna? Kowace ɓaraka da muka lissafa akwai shekarar da aka yi ta da hannun da ya yi ta, don haka hannu zai iya gyara ta. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Haƙƙinmu ne, da harajin da muke biya a kasuwa ake yin sa. Kowace mazaɓa, daga Ali Kazaure zuwa Sarkin Arab, daga Garba Daho zuwa Abba Na Shehu da Ibrahim Katsina, tana da kansila, kuma kowace makaranta ana son ta da kwamitin al'umma. Mu shiga kwamitocin nan. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ɗauki makaranta ɗaya-ɗaya, su san yawan yaranta da malamanta da bencinanta kamar yadda suka san kayan shagonsu. Mai neman ƙuri'a in ya zo, kafin ya sauke buhun shinkafa a tambaye shi ko jiha ta ajiye kasonta na UBE a bana, da malamai nawa aka turo unguwarmu. Limamai su faɗa a mumbari cewa satar amsa ha'inci ne kamar tauye mudu. Kuma mu nemi maƙwabtanmu na coci a kan wannan, domin rufin da ke yoyo a Gangare irinsa ne ke yoyo a Tudun Wada da Kabong, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.