Asalin Kalma: Hukuma

Daga Larabci muka aro "hukuma", tushenta ɗaya da hukunci, hikima da hakimi. Larabawa gwamnati suke nufi da ita, amma Bahaushe ya faɗaɗa ta: hukumar zaɓe, hukumar makaranta, har ƙananan hukumomin da suka gaji En'e a 1976. "Gwamnati" kuwa daga Turanci ta zo, kuma ita ake jingina wa mutum a ce gwamnatin wane. Amma hukuma ba ta mutum ɗaya ba ce. Wani zai ce duk wanda ake tsoro hukuma ne. Ai ɗan fashi ma ana tsoronsa, amma ba a kai masa ƙara. Inda talaka ke kai kuka a share masa hawaye, nan ce hukuma.