Kamiyo: Taƙaitaccen Tarihin Sassaƙar Dutsen Aƙiƙ

Kamiyo sassaƙa ce da ake yi a kan dutse mai hawa-hawan launi, galibi aƙiƙ, inda gwani kan kankare hawan sama har farar siffa ta taso bisa duhun hawan ƙasa. Ta saɓa wa sassaƙar hatimi, wadda ake ƙwaƙulewa ciki don bugawa a kan yumɓu. Sana'ar ta bunƙasa a Iskandariyya wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, daga bisani Rumawa suka mayar da ita hanyar kambama sarakunansu.

Mafi girman wanda ya tsira daga wancan zamani shi ne Babban Kamiyon Faransa, mai tsawon santimita 31 da hawa biyar. An sassaƙa shi wajen shekarar 23 miladiyya, yana nuna Sarki Tiberiyas da danginsa. Abin mamaki, da dutsen ya isa majami'ar Sant-Shafel ta birnin Faris a ƙarni na 13, sai aka ɗauka ɗaukakar Annabi Yusufu a fadar Fir'auna yake nunawa, aka adana shi cikin kaya masu tsarki. Ana iya cewa wannan kuskuren fahimta ne ya kare shi. Sai a ƙarni na 17 masana suka gane ainihinsa. An sace shi a 1804, aka gano shi a Amsterdam ba tare da zinariyar da ta kewaye shi ba.

A ƙarni na 19 masassaƙan Tore del Gareko kusa da Nafoli suka rungumi ɓawon katantanwar teku, mai laushi da araha, har kamiyo ya zama abin wuyan matan Turai masu matsakaicin hali.