Hasumiyar Tattabaru: Ginin da Ya Ci Hatsin Talakan Faransa

A tsakar tsofaffin gidajen gona na karkarar Faransa akan ga wata 'yar hasumiya ta dutse ko jan bulo, ba ta da taga sai ƙananan kafofi kusa da rufi. Ɗakin tattabaru ne. Yau masu yawon buɗe ido na ɗaukarsa hoto don kyansa, amma kafin 1789 alama ce ta wanda ke da iko da ƙasa.

A arewacin ƙasar, musamman Normandi, dokar gargajiya ta keɓe wa masu sarauta gina irin wannan hasumiya. A wurare da dama yawan guraben ƙwai da ke jikin bango yana bin faɗin gandun mai gida ne, saboda haka ƙirga gurabe tamkar ƙirga dukiya ne. Wadda attajirin jiragen ruwa Jean Ango ya gina a Varengeville a ƙarni na 16 tana da gurabe 1,600, wato mazaunin tattabaru 3,200.

An tsara ginin da basira. A waje akwai ɗamarar dutse da ke hana ɓeraye hawa. A ciki kuwa tsani ne mai juyawa a kan ginshiƙi, don a kai ga kowane gurbi. Mai gida yana samun naman 'ya'yan tattabaru, yana kuma samun kashinsu, taki mai ƙarfi da ake zuba wa gonakin inabi na Gaillac a kudu. Darajar takin ta kai har akan ambace shi cikin yarjejeniyar aure.

Sai dai tattabara ba ta san iyakar gona ba. Tana sauka kan irin da talaka ya shuka, doka kuma ta hana shi kashe ta. Riba ga mai sarauta, asara ga manomi. Shi ya sa kukan tattabaru ya yawaita a takardun koke da ƙauyuka suka rubuta a farkon 1789. A daren 4 ga Agusta majalisar ƙasa ta rushe gatan masu sarauta, kuma sashe na biyu na dokar da ta biyo baya ya soke wannan keɓewa: a kulle tattabaru a lokutan da gari ya tsayar, wanda ya same su a gonarsa a lokacin yana iya kashewa.

Daga baya takin zamani ya ƙarasa abin da doka ta fara, hasumiyoyi da yawa suka zube. Yanzu gidauniyar Fondation du patrimoine, wadda aka kafa a 1996, tana tallafa wa gyaran irin waɗannan ƙananan gine-ginen karkara. Gyaran bango da rufi abu ne mai kyau, amma gado bai cika ba sai an adana har da labarin manomin da hatsinsa ya ciyar da tsuntsayen.